Bayan Windows 10: shin Linux za ta iya riƙe kwamfutar gida?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya da nake roƙon masana harkar kwamfuta na wannan zaure su dube ta da idon basira. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro kamar yadda ya saba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara guda, wanda shi ma iyakarsa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, alhali kwamfutar da ke gidana tokumbo ce mai zubi na 6, kuma lafiyarta ƙalau. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa da tsarin darasi, da ita uwargida take lissafin 'yar sana'arta, yara kuma suna kallon darussa a kanta. An ba ni shawarar in sa mata Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Abin da nake son sani shi ne, shin gida irin nawa zai iya rayuwa da Linux yau da gobe, ba tare da an riƙa ɗaukar kwamfutar zuwa wajen mai gyara kowane mako ba?

Injiniya Mai Gyara:
Wa alaikumus salam, Malam. Ga ayyukan da ka lissafa, amsata ita ce zai iya, kuma zan faɗi dalili. Kwamfutocin tokumbo da suka cika kasuwanninmu, irin su ThinkPad T460 da EliteBook 840 G3 da Latitude E7470, na ofisoshin Turai da Amurka ne da aka sallama, kuma su ne Linux ta fi sani, domin kayan cikinsu sun daɗe a hannun masu rubuta manhajar. Galibi da an kunna, sauti da Wi-Fi da kyamara da madannan haske duk suna aiki ba tare da an nemo direba, wato 'yar manhajar da ke sa kowane sashe na kwamfuta aiki, ko ɗaya ba.

Linux iri-iri ce, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Asalin zuciyarta Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, daga baya ƙungiyoyi daban-daban suka riƙa haɗa ta da sauran manhajoji suna fitar da nasu samfurin: Debian tun 1993, Ubuntu tun 2004, Linux Mint tun 2006. Ga wanda ya saba da Windows, Mint nake ba da shawara, domin maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo yana ƙasa ta dama, manyan fayiloli suna buɗuwa kamar yadda aka saba, kuma tana zuwa da burauzar Firefox da LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi mai kama da Microsoft Office, a shirye. Mint 22 an gina ta a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da tura mata gyaran tsaro har 2029. Idan RAM ɗinka gigabayit 8 ne ka ɗauki samfurin Cinnamon, idan 4 ne ka ɗauki na Xfce, wanda ya fi sauƙin nauyi.

Babban abin da ya kamata ka sani shi ne ba sai ka goge komai kafin ka gwada ba. Ana zuba Mint a filasha da manhajar Rufus ko Ventoy, a tayar da kwamfutar daga filashar, ta yi aiki a haka ba tare da ta taɓa abin da ke cikin rumbun ajiyarka ba. A nan za ka gwada Wi-Fi, ka jona firinta, ka buɗe takardunka na gaske ka ga yadda suka fito.

Alhaji Mai Ɗab'i:
Injiniya, na ji bayaninka, kuma ban musa abin da ka faɗa game da injin ba. Amma ni a shagon buga takardu nake wuni, kuma ina ganin ƙarshen wannan lamari a kan teburina. Malam ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Tambayoyin jarrabawar da zai buga, shugaban sashe zai duba su a Word, sakatariyar makaranta za ta gyara su a Word, sannan a kawo mana mu buga daga Word. Takarda mai rubutu zalla ba ta da matsala, amma da zarar ta ƙunshi jadawali mai yawa, ko alamomin lissafi, ko hoto da rubutu ya zagaye, sai ka ga abin da yake shafi biyu a gida ya koma uku a wajenmu, tambaya ta biyar ta rabu da zaɓuɓɓukanta. Mai takarda ba ya tambayar wace manhaja ce ta jawo haka, cewa yake yi mai shago ya ɓata masa aiki.

Sannan duk harkar ɗab'i a garuruwanmu, daga katin biki zuwa kalanda zuwa allon talla, a kan CorelDraw take tafiya, kuma babu CorelDraw na Linux, haka nan babu Photoshop, babu Microsoft Office da ake sakawa a kwamfuta. Idan ɗan Malam ya girma yana son koyon zane don ya samu abin yi, a kan wace manhaja zai koya? Wannan ita ce tambayar da nake son a amsa mini.

Injiniya Mai Gyara:
Ranka ya daɗe, maganar CorelDraw gaskiya ce, kuma ba zan ce wa mai sana'ar ɗab'i ya bar Windows ba. Akwai manhajar zane ta Inkscape, wadda ke iya buɗe fayilolin CorelDraw da yawa, akwai manhajar gyaran hoto ta GIMP da ta fitar da samfuri na 3.0 a Maris 2025, amma wanda zai kai aiki maɗaba'a gobe da safe ba zai dogara da "tana iya buɗewa" ba. Haka mai AutoCAD, haka akantan da ke aiki da Sage 50. Waɗannan sana'o'i ne, kuma Malam tambayar gida ya yi.

Game da rikicewar shafuka, yawancinsa daga siffar haruffa yake tasowa. Word na amfani da Calibri da Cambria da Times New Roman, waɗanda mallakar wasu ne kuma ba sa zuwa da Linux, don haka LibreOffice sai ta musanya su da wasu masu faɗi daban, layuka su zame. Maganinsa akwai haruffan Carlito da Caladea da Liberation, waɗanda aka zana da faɗi daidai da na waɗancan, harafi da harafi. Idan suna cikin kwamfutar, rabin matsalar ta tafi. Sauran rabin kuma, duk takardar da aka gama ta, a mayar da ita PDF kafin a kai shago. LibreOffice na yin haka da maɓalli ɗaya, kuma PDF ba ta sauya kama ko a wace kwamfuta aka buɗe ta.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina so in sa baki a nan domin da Linux Mint na rubuta kundin digirina na biyu, kuma abin da na gani ya faɗa tsakanin maganar Alhaji da ta Injiniya. Rubutun kansa bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Zotero, manhajar tsara madogara, tana aiki a Linux kuma tana haɗuwa da LibreOffice. Nazarin alƙaluma na yi shi da jamovi. Zoom na da samfurin Linux. WhatsApp kuwa ta burauza nake buɗe shi, domin ba shi da manhajar Linux ta kansa.

Inda aka sha wuya shi ne lokacin da babi ya fara kai-komo tsakanina da malamin da ke duba ni. PDF ba ta da amfani a nan, Injiniya, domin shi yana son ya yi gyara a cikin takardar, ya bar sharhi a gefe, in karɓa ko in ƙi. LibreOffice tana nuna waɗannan gyare-gyare kuma tana ajiye su a tsarin docx, amma bayan takarda ta je ta dawo sau da yawa, lambobin kanun babi da jerin abubuwan ciki sukan fara karkacewa. Abin da ya fisshe ni shi ne Word na intanet, wanda ke buɗuwa a burauza kyauta ga mai asusun Microsoft; a can nake duba kamannin takardar kafin in tura. Sai dai wannan yana bukatar intanet mai ƙarfi, kuma mun san halin da ake ciki.

Duk da haka ban koma ba, kuma dalilina na uwa ne. Yara suna amfani da kwamfutar, kowa da asusunsa, kuma babu wanda zai iya saka wata manhaja sai da kalmar sirrina. Wasannin da abokansu ke ba su a filasha, waɗanda a da suke shigo mini da tarkace, yanzu ba sa tashi.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta taɓo abin da ni a ganina ya fi komai muhimmanci a wajenmu, wato filasha da kuɗin intanet. Duk wanda ke kai filasha shagunan buga takardu ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. An rubuta ta ne don Windows, saboda haka a Linux ba ta motsi, har ma kana ganin fayilolinka da ta ɓoye, ka kwashe su, ka goge ta da hannu. Ba ina cewa Linux ba ta kamuwa da komai ba ne. Wanda aka yaudara ya ba da kalmar sirrin bankinsa a shafin bogi, babu tsarin da zai cece shi.

Batun data kuma, Mint ba ta sauke sabuntawa sai ka ce mata ta yi. Tana nuna 'yar garkuwa a ƙasan allo, ka buɗe ka ga girman kowane abu, ka jira sai dare lokacin garaɓasa ko sai ka je inda akwai Wi-Fi. Ga wanda ke jona kwamfuta da wayarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sauke ta da farko dai yana cin kusan gigabayit 3, Ubuntu 24.04 kuma ta haura 5, don haka ya fi kyau mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa. Kwafar halal ce, domin lasisinta ya yarda a raba ta, kuma wannan ya bambanta da Windows da Office na sata da ake zuba mana a kasuwa tare da manhajar fasa lasisi wadda ba wanda ya san abin da ke cikinta.

A nan Nijar yawancin kwamfutocinmu masu allon rubutu na Faransanci ne, kuma Linux na karɓarsa tun lokacin sakawa. Akwai kuma tsarin allon Hausa na Najeriya da na Gana a cikin jerin harsuna, wanda ke ba da ƙ da ɗ da ɓ ba tare da an sauke komai ba. A Faransa ma akwai samfurin da ake kira Emmabuntüs, wanda aka yi musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da aka bayar sadaka.

Ustaz Abu Ammar:
Ina da tambaya a kan wannan gaɓa ta rubutu. Mu aikinmu rabinsa Larabci ne, kuma sau da yawa a layi ɗaya ake haɗa aya ko hadisi da fassarar Hausa. Shin LibreOffice na iya rubutu daga dama zuwa hagu da wasulla ba tare da haruffa sun rarrabu ba? Sannan Maktaba Shamila, wadda ɗaliban ilimi ba sa rabuwa da ita, tun asali don Windows aka gina ta.

Maman Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, tana iyawa. A cikin saitin harsuna na LibreOffice akwai wurin kunna rubutu mai sarƙaƙiya. Da an kunna shi aka zaɓi Larabci, maɓallan juya alƙiblar sakin layi za su bayyana a sama, haruffa su haɗu yadda ya kamata, wasulla su zauna a wurarensu. Harafin Amiri kyauta ne kuma yana da kyau ƙwarai ga nassi. Shamila kuwa shafinta na intanet yana buɗuwa a kowace burauza, amma wanda ya tara dubban littattafai a kwamfutarsa don ya yi bincike ba tare da intanet ba, yana iya gwada ta ta hanyar Wine, manhajar da ke tayar da wasu shirye-shiryen Windows a Linux, kuma ba kowane shiri ne ke tafiya daidai a cikinta ba. Idan Shamila ce ginshiƙin aikinku, ku gwada wannan tukuna kafin ku yanke shawara.

Baban Yusra:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin an bar tambayar Malam ta asali ba a amsa ba. Bai tambaya ko Linux na da kyau ba, ya tambaya wa zai gyara ta ranar da ta ƙi tashi. Injiniya yana Kano, Malam yana wani gari. A Titin Beirut ko Farm Centre za a samu wanda ya san Linux, amma a yawancin garuruwanmu idan ka kai wa mai gyara kwamfutar da ba Windows ba, abin da ya sani shi ne ya goge ta ya zuba Windows, takardunka su bi ruwa, domin Windows ba ta karanta rumbun da aka tsara da ext4, tsarin ajiyar fayiloli na Linux, sai ya ɗauka babu komai a ciki. Alƙaluman shafin ƙididdiga na StatCounter sun nuna Linux ta kai kusan kashi 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur a duniya a 2024. Ma'anarsa maƙwabcinka bai san ta ba, ɗan ƙanenka da ke zuwa hutu bai san ta ba.

Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutocinsa kusan 15,000 zuwa Linux, aikin da ya ɗauki kimanin shekara goma, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Idan birni mai kuɗi da ma'aikatan fasaha ya ja da baya, me ya sa za mu tura malamin makaranta shi kaɗai? Ni shawarata ya sa Windows 11 ta hanyar tsallake sharuɗɗan, tunda Rufus ɗin da aka ambata yana da wannan zaɓi.

Injiniya Mai Gyara:
Yallaɓai, maganarka ta farko ita ce mafi nauyi da aka faɗa a wannan zaure, kuma na yarda da ita. Rashin mai taimako a kusa shi ne ainihin cikas, ya fi rashin kowace manhaja. Abin da ke rage shi abu uku ne da nake yi wa duk wanda na saka wa Mint. Ina kunna Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci, ta yadda idan sabuntawa ta ɓata wani abu za a koma jiya cikin mintuna. Ina bar masa filashar da aka saka tsarin da ita, domin ko kwamfutar ta ƙi tashi zai tayar da ita daga filashar ya kwashe takardunsa. Sannan ina gaya masa kada ya bar kowa ya taɓa rumbun kafin ya kira ni.

Labarin Munich kuwa bai tsaya inda ka tsayar da shi ba. An yi ta muhawara a Jamus kan ko matsalar ta fasaha ce ko ta siyasa da tsarin gudanarwa, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta wannan ƙasa ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Jandarmomin Faransa sun daɗe a kan samfurinsu na Ubuntu, makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya ma a kan Linux yara ke koyon kwamfuta. Amma gaskiya waɗannan misalai, nawa da naka, ba su ce komai a kan falon Malam ba, domin birni yana da ɗaruruwan tsofaffin manhajoji da dole su yi magana da juna, shi kuwa takarda da lissafi da bidiyo ne gabansa.

Tsallake sharuɗɗan Windows 11 yana yiwuwa, kuma ina yi wa masu bukata. Sai dai Microsoft da kansa ya faɗa cewa kwamfutar da aka saka wa ta haka ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma babban sabuntawa na shekara-shekara yakan bukaci a sake yin dabarar. Wato shi ma wannan hanya ce da ke mayar da mutum wajen mai gyara. A kwamfuta mai RAM 4 da tsohon rumbu mai juyawa kuma, nauyin Windows 11 ba ya misaltuwa. Kowace hanya mutum ya zaɓa, sauya rumbun zuwa SSD, wato rumbu marar juyawa mai sauri, shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani.

Abu Hafsat:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta shi ne aikina da na uwargida za su tafi, sai dai in kula da takardun da ke fita daga hannuna zuwa hannun wasu. Saura abu biyu. Ina da firinta ƙarama ta leza a gida, kuma babban ɗana yana shirin jarrabawar JAMB da wata manhajar gwaji da aka saka masa. Ko akwai yadda za a ajiye Windows da Linux a kwamfuta ɗaya?

Alhaji Mai Ɗab'i:
Malam, firintar nan ka fara gwadawa kafin komai, kuma ka buga shafi na gaske ka riƙe shi a hannunka. Sababbin firintoci masu Wi-Fi yawanci Linux na ganinsu da kanta, na HP kuma suna da manhajar HPLIP da kamfanin ya tanada, amma wasu tsofaffin ƙananan na leza sun dogara da direba na musamman wanda saka shi sai wanda ya ƙware. Idan taka tana cikinsu, gara ka sani tun kana kan filasha.

Injiniya Mai Gyara:
Ana iya ajiye su biyun, kuma ga gidan da ke da ɗan jarrabawa hakan na fi so. Lokacin sakawa Mint za ta ga Windows ta ba ka zaɓin zama kusa da ita, ka ja layi ka raba rumbun, daga nan duk lokacin da aka kunna kwamfutar za ta tambaya wacce ake so. Manhajar gwajin yaron ta zauna a Windows, kuma idan tana aiki ba tare da intanet ba, a bar wannan ɓangaren a katse daga intanet, duk wani shiga yanar gizo da harkar banki a yi shi ta Mint.

Kafin ka fara, ka kwashe takardunka da hotunan iyali zuwa wani rumbu na waje, domin raba rumbu aiki ne da ɗaukewar wuta a tsakiyarsa ke iya lalata komai, saboda haka batir ya kasance cike. Ka duba ko BitLocker, makullin Windows da ke kulle rumbu, a kunne yake, tunda kwamfutocin ofis sukan zo da shi. Idan a kunne yake, ka adana mabuɗinsa ko ka kashe shi tukuna. Ka kashe saurin farawa na Windows, in ba haka ba Mint ba za ta iya rubutu a ɓangaren Windows ba. Ka ba Mint aƙalla gigabayit 50. Idan bayan sakawa Wi-Fi bai bayyana ba, wanda yakan faru da katin Broadcom, ka jona wayarka ta Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB, sannan ka buɗe Driver Manager, zai nuna maka direban da ya dace ka danna. Ka turo mini lambar samfurin firintar da girman rumbunka a nan zauren, in gaya maka yadda za a raba shi.